Sunana Usaina

Mu biyu aka haifa a Gangare, cikin garin Jos. Hassana ce ta fara fitowa, ni na biyo bayanta. Irin tagwayen nan ne mu da ko dangi na jiki sai sun tsaya sun ƙare mana kallo kafin su kira suna. Malaminmu na allo da ya gaji da ruɗewa sai ya koma haɗa sunayen, ya ce "Hassana-Usaina", wadda ta ji ta amsa. Ɗinki iri ɗaya, kitso iri ɗaya, takalmin Sallah iri ɗaya, har muka zama 'yan mata ba a taɓa saya wa ɗaya abu an bar ɗaya ba.

Mama ce kaɗai ba ta taɓa ruɗewa ba. Tana cikin ɗaki, in ta ji taku a tsakar gida ta san wace ce, don Hassana da sauri take tafiya tana buga ƙafa, ni kuwa a hankali nake takawa. Hassana mai magana ce, mai shiga mutane, in ta yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Ni shiru ya fi min. Ita tana cin yaji har sai ta yi hawaye, ni cikina ba ya ɗauka. Tana da tabo a haɓa, na faɗuwar da ta yi a kan duwatsun unguwarmu tana ƙarama. Duk wanda ya zauna da mu ya lura zai san mutum biyu ne daban, sai dai mafi yawan mutane fuska suke gani su wuce.

Jami'ar Jos muka shiga tare, a nan hanya ta rabu. Ita ta karanci aikin akanta, ni na karanci ilimin halittu, na ƙare ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Ta yi aure suka tare a Kubwa, ta haifi 'ya mace aka sa mata sunan Mama, muke kiran ta Ummi. Ni nawa auren bai yi ƙarko ba, na dawo gida ban haihu ba. Duk dare bayan isha'i sai mun yi waya, ita tana zuba, ni ina saurare.

A damunar 2019, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, Hassana ta shiga motar haya daga Abuja za ta zo gida. Ummi tana wajenmu tun farkon dogon hutu, shekararta huɗu a lokacin, mijin kuma sai jajibere zai biyo baya. Duk mai bin hanyar nan ya san Hawan Kibo, ya san yadda manyan motoci suke gangarowa daga kan tsaunin, balle in an yi ruwa. Wata tirela ce ta ƙwace. Iya abin da zan iya faɗa ke nan. Kafin la'asar an kira mu, wajen isha'i aka kawo ta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kawo jakarta da wayarta a ciki, gilashin ya tsage amma tana aiki. Ana son lambobin mutanen ofishinsu a sanar da su, ba wanda ya san lambar sirrin. Gambo, ƙanenmu, ya miƙo min ita ya ce in gwada ranar haihuwarmu. Ina ɗaga ta, kafin in taɓa komai, ta buɗe. Da fuska Hassana take kulle ta. Mijinta, wanda isowarsa ke nan, yana tsaye a bakin ƙofa ya ga abin da ya faru. Ya daɗe yana kallona, kuma na san ba ni yake kallo ba.

Da asuba na shiga wankanta tare da Gwaggo da wata dattijuwa mai yi wa mata sutura a unguwarmu. An so a hana ni, na ce ba wanda ya fi ni sanin jikin nan. Fuskarta ba abin da ya same ta. Da muka zo ɗaure haɓa, dattijuwar ta ɗago ta dube ni, ta sake duban wadda ke kwance, hannunta ya kama rawa. Ta ce, "'Yar nan, koma bayana ki tsaya."

Haka zaman makokin ya kasance. Mata su shigo da sallama, su durƙusa gaban Mama, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa can ya fi mata nan, ya raya abin da ta bari." Sai idonsu ya faɗo kaina, kukan da suka danne ya ɓalle. Cikin abokan aikinta da suka zo daga Abuja, wata da ba ta san tagwaye ne mu ba ta saki jakarta ta ja da baya tana salati. Wata maƙwabciya ta ci karo da ni a soro da daddare ta kurma ihu. Daga ƙarshe Gwaggo ta ce in riƙa zama a uwar ɗaka, in zan fito in rufe fuska. Na zauna. Ni da na rasa wadda muka kwanta ciki ɗaya, na zama abin da ake ɓoyewa don kada hankalin masu ta'aziyya ya tashi. Ban riƙe kowa a zuciya ba, na san ba da gangan ba ne. Amma a kwanakin nan ƙalilan ne suka dube ni suka ce, "Usaina, ya haƙuri?"

Kowa ya ɗauka Ummi za ta samu sauƙi tunda ina nan. Gwaggo cewa ta yi, "Allah ya rufa asiri, yarinyar ba za ta san ta yi rashi ba." Aka ce in ɗaura zanen Hassana in yafa mayafinta in kwanta da ita. Cikin dare ta farka tana kiran Mami, na jawo ta jikina. Ta lafe, ta cusa hancinta a wuyana, ta yi shiru na ɗan lokaci. Sai ta kai ɗan yatsanta haɓata tana lalube a cikin duhu. Ta lalluba ta sake lallubawa. Ta janye jikinta ta ce, "Anti, ina Mamina?" Wayar ta ruɗe, manya sun ruɗe, yarinya 'yar shekara huɗu ba ta ruɗe ba. Da gari ya waye na ninke kayan na mayar cikin akwati.

Mama kuwa ta yi watanni ba ta iya haɗa ido da ni. In na kai mata abinci sai ta kalli kwanon ta sa min albarka. Ni ma na yafa wa madubin ɗakinmu zane.

Bayan sadakar arba'in dangin mijin suka aiko. Baffa, wanda shi ne waliyyinmu tun rasuwar Baba, ya kira ni ɗakinsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Usaina, mutanen nan da maganar alheri suka zo. Ke ba aure gare ki ba, shi kuma ga marainiya a hannu. Wa zai riƙe ta kamar ke? Addini bai hana ba, abin da aka hana shi ne haɗa 'yan'uwa biyu a lokaci guda. Sayyidina Usman da Nana Ruƙayya ta rasu, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'yar'uwarta Ummu Kulsum ya aura masa, shi ya sa ake ce masa Zun-Nuraini." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ke da ita ai duk ɗaya ne. Kamar ba a yi mutuwar ba."

Duk abin da Baffa ya kawo na addini gaskiya ne. Al'adar ma ba baƙuwa ba ce, na san gidajen da aka yi haka aka zauna lafiya, marayu suka tashi a hannun ƙanwar uwarsu ba su san maraici ba. Ba na sukar ta. Maganarsa ta ƙarshe ce ta tsaya min a maƙogwaro. Na ce a ba ni lokaci in yi istihara.

Ana cikin haka hunturu ya shigo, sanyin Jos ɗin nan da ke sa mutum kwana da safa. Wani dare Gambo ya shigo da kwamfutarsa ya ce ga fim ɗin Turawa mu kalla ko zan rage tunani. Shi ma bai san abin da ke ciki ba sosai. Labarin wasu mata da miji ne da 'yarsu tilo ta rasu. Uwar ta kasa dangana, ta bar ɗakin yarinyar yadda yake, ko shara ba ta bari a yi. Wani likita ya ce musu akwai hanya: asibiti ya adana ɗan wani abu na jikin yarinyar, za a iya ɗaukar ƙwayar halitta daga ciki a sake samar da ita, uwar ta ɗauki cikin da kanta. Uban ya yi ta ja da baya, daga ƙarshe soyayyar matarsa da tsoron kada ta zautu suka rinjaye shi. Aka haifi jaririya, aka mayar mata da sunan, aka kwantar da ita a ɗakin. Ta farkon gwanar zane ce, don haka tun ta biyun ba ta iya zama ba ake cusa mata fensir a hannu. Ita kuwa ba ruwanta da zane, wasan guje-guje take so. Duk abin da ta yi sai uwar ta auna shi da abin da waccan ta yi a daidai wannan shekarun, har ranar da yarinyar ta ci karo da hotunan kanta a wuraren da ba ta taɓa zuwa ba.

Gambo iyayen yake tausayi, yana ta cewa, "Kai, Allah sarki matar nan." Ni tun da aka haifi jaririyar ban sake ganin kowa a fim ɗin ba sai ita. An yi aiki a fim ɗin, ba zan hana su ba. Wadda ta fito a uwa ta san ciwon rashi, ko kuma ta iya kwaikwayonsa, don akwai inda ta zauna a bakin gado tana shinshina matashin kai da sai da na kau da fuska. Ba na ganin laifin uwar a kan abin da zuciyarta ta so. Ni ma akwai dararen da in da za a ce in ba da rabin kwanana a dawo min da Hassana, da ban tsaya shawara ba. Amma masu fim ɗin sun ba iyayen kusan dukkan lokacin, yarinyar da aka kawo duniya don ta cike gurbin wata sai a ƙarshe aka bar ta ta yi magana, ita ma a taƙaice, sannan aka rungume juna aka tashi kamar an warware komai. Ban yarda da wannan ƙarshen ba. Runguma ɗaya ba ta goge shekarun da mutum ya yi ana kallonsa ana neman wani.

Gambo ya rufe kwamfutar ya ce, "Yaya, wai da gaske ana iya wannan?"

Abu ne da nake taɓa wa 'yan aji shida a darasin gado, don haka na zauna na yi masa bayani, ina yi kuma ina jin kamar kaina nake wa. Kwafar halitta, wadda ake kira kulonin, a shuka ba sabon abu ba ne. Manomin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu dankalin yake binnewa, ba 'ya'yan fure ba, don haka abin da ya tsiro kwafin uwarsa ne sak. Haka mai dasa karan rogo ko rake. A dabba mai shayarwa ne aka daɗe ana ganin ba zai yiwu daga jikin babba ba, sai da aka haifi tunkiya Dolly ranar 5 ga Yulin 1996 a Cibiyar Roslin da ke kusa da Edinbara a Sukotlan, aikin su Ian Wilmut da Keith Campbell. Sai a Fabrairun 1997 aka sanar da duniya. Abin da suka yi shi ne, suka ɗauki ƙwan wata tunkiya suka zuƙe cibiyarsa, inda bayanan gado suke. Suka ɗauko ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya 'yar shekara 6 mai farar fuska, suka haɗa ta da ƙwan nan da aka rarake, suka ba su ɗan lantarki suka haɗe. Ƙwan ya fara rarrabuwa kamar an yi barbara, aka dasa shi a mahaifar tunkiya mai baƙar fuska. Da ta haihu, 'yar mai farar fuska ce.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne asarar da aka yi kafin a kai nan. Ƙwai 277 aka haɗa, 29 suka kai matakin dasawa, aka rarraba su a mahaifar tumaki 13, aka samu Dolly ita kaɗai. Ta rayu ta haifi 'ya'ya 6, a Fabrairun 2003 aka ƙarasa ta saboda ciwon huhu. Bayanta an kwafi shanu, aladu, dawaki, karnuka, a 2009 aka haifi raƙuma mai suna Injaz a Dubai. A farkon 2018 masana a Shangai ta ƙasar Sin suka sanar da birai biyu, Zhong Zhong da Hua Hua, kuma su ma sai da aka dasa 'yan tayi 79 a mahaifar birai 21 kafin a same su. Na ce wa Gambo ya cire tumaki da birai ya sa mata a wurin. Ƙwan wa za a ɗiba? Mahaifar wa za a ara? Wa zai ɗauki cikin da zai zube, wa zai haifi wanda zai zo da nakasa ya koma? Mu da muka san yadda haihuwa ta yau da kullum ma take cin mata a ƙasar nan, mun san 'ya'yan wa za a nema in abin ya zama kasuwa. Ba 'ya'yan masu kuɗin ba ne.

Har yau babu wani ɗan Adam da aka tabbatar an haifa ta wannan hanya. A Disambar 2002 wani kamfani mai suna Clonaid ya yi iƙirarin ya samar da jaririya, bai taɓa kawo hujja ba. Shi kansa Wilmut, har ya rasu a 2023, bai goyi bayan a gwada wannan a kan mutane ba.

To ko da an iya, me za a samu? Nan ne fim ɗin ya faɗi gaskiya, don wasu finafinan sukan nuna mutum ya fito daga inji da girmansa da tunaninsa. Ƙarya ce. Jariri za a samu, ba ya tuna komai, bai san kowa ba. Ko kamar ma ba lallai ta cika ba. A Disambar 2001 aka haifi kyanwa ta farko da aka kwafa, a wata jami'a a Tekzas ta Amurka, aka sa mata CC. Wadda aka kwafo ta daga jikinta, Rainbow, tana da dabbare-dabbaren ruwan lemo. CC ba ta da ko ɗigo, fara ce da ratsin ruwan ƙasa. Gado ɗaya, gashi daban.

A nan na tsaya, don na ga inda maganar ta kawo ni. Ni da Hassana mun fi duk wata kwafa da za a yi a ɗakin gwaji kama da juna. Ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu a kwanakin farko na cikin Mama. Mahaifa ɗaya muka kwanta, lokaci ɗaya, nono ɗaya muka sha, tabarma ɗaya, malami ɗaya, bulala ɗaya. Wadda za a kwafa kuwa a wata mahaifa za ta kwanta, a wani zamani za ta tashi, hannun iyayen da baƙin ciki ya riga ya canza. In duk wannan haɗuwar tamu ba ta mai da ni Hassana ba, wane likita ne zai iya? Ko zanen yatsunmu ba ɗaya ba ne. Lokacin da muka je yin katin ɗan ƙasa ma'aikacin ya yi ta kallonmu, amma na'urar ɗaukar yatsa ba ta haɗa mu ba, don zanen yatsa a cikin mahaifa yake samuwa, kowane ɗan tayi da yadda ya kwanta da abin da ya taɓa. In na karanta ayar nan ta Suratul Ƙiyama inda Allah yake cewa shi mai iko ne ya daidaita har kan yatsun mutum, nakan dubi nawa. Tashin da muke jira na wanda ya mutu ɗin ne da kansa, da ransa da aikinsa, ba na mai kama da shi ba.

Malamai ba su yi jinkiri a kan wannan ba. A 1997, shekarar da aka sanar da Dolly, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Jidda ta haramta kwafar ɗan Adam, ta bar ƙofa a buɗe ga shuka da dabba in akwai amfani kuma ba cutarwa. Wanda ya san yadda shari'a take tsare nasaba zai gane dalili. Da za a kwafi Hassana wata mata ta haife ta, 'yar wa ce? A gado na jini 'yar Mama da Baba ce, ƙanwata ce. Amma Alƙur'ani ya ce iyayensu mata su ne waɗanda suka haife su. Wa za ta gada, wa zai gaje ta, wane ne muharraminta, me take ga Ummi? Wata abokiyar aikina 'yar Katolika ta ce min su ma cocinsu ya hana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa a 2005 tana kiran ƙasashe su hana, ko da yake ba ta zama dole a kan kowa ba. A nan gida kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta shi, har da hukuncin ɗauri.

Duk waɗannan hujjoji ne masu ƙarfi, amma ni tawa hujjar daga wani wuri ta zo. Kowane ɗa yana zuwa duniya ba a san wane ne shi ba, iyaye su yi ta kallonsa suna gano shi a hankali. Wanda aka kwafa kuwa an riga an rubuta masa wanda zai zama tun kafin ya yi kukan farko, kuma duk inda ya zama kansa, a idon masu sonsa ya gaza ne. Wata huɗu kacal na ɗanɗana wannan a matsayin babbar mace mai aikinta da hankalinta, ya kusa karya ni. Ina ga jaririn da zai tashi a ciki bai san wani abu ba bayan shi?

Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana da sauran 'ya'ya goma sha ɗaya, amma ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari. Bai ɗauki ɗaya daga cikinsu ya ce ya zama Yusuf ba. Ya ce haƙuri mai kyau, ya kai ƙararsa ga Allah.

Bayan 'yan kwanaki mijin Hassana ya zo Jos, aka ce mu gana. Mutumin kirki ne, ina so a san wannan, bai taɓa ɓata wa 'yar'uwata ba. Aka shimfiɗa masa darduma a falon Mama. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ajiye leda a gabana: turaren da Hassana take shafawa, da kilishi wanda ya sha yaji ja wur. Muka gaisa, ya tambayi makaranta, na amsa a taƙaice yadda na saba. Sau biyu yana fara kiran sunan da yake kiran ta da shi yana katsewa. Can ya ce, "Ki ɗan yi dariya mana. Na yi kewar dariyar nan."

Na ce, "Abban Ummi, don Allah in tambaye ka. Me ka sani game da ni?"

Ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi ledar, ina jin a lokacin ya tuna ba na cin yaji, don ya sha ganin ana ware min miya a gidansa. Ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan darduma. Da ya samu magana sai ya ce, "Wallahi Usaina, in na gan ki sai in ji ban rasa komai ba. In kika yi magana sai in sake rasa ta."

Na ce masa to haka kowace safiya za ta zama. Zai farka ya ga fuskar, ya yi murna, kafin a sha koko ya sake binne ta. Ni kuma in ƙare rayuwata ina ba shi haƙuri a kan laifin da ban yi ba. Ummi ma ta riga ta san gaskiya, in muka ce mata ga Maminta mun koya mata ƙaryata abin da ta sani. Na ce da ni yake nema, ni Usaina mai shiru, da sai in duba. Nana Ummu Kulsum a matsayin Ummu Kulsum aka aure ta. Bai yi musu ba. Ya share fuska ya ce in yafe masa, na ce ba abin yafewa, duk mu biyun abu ɗaya muka rasa.

Baffa bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya zo har gida yana faɗa, ya ce boko ya ɓata ni, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ina durƙushe ban ce uffan ba. Mama, wadda ba ta taɓa ɗaga murya gaban ƙanen mijinta ba, ta yaye labule ta fito. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Kama da wane ba ta wane. Ni biyu na haifa, na ba ƙasa ɗaya. Kada a binne min ta biyun da ranta." Tana faɗa tana kallona, ido cikin ido, karon farko tun ranar da aka fita da makara.

Bayan kamar shekara biyu ya auri wata baiwar Allah, Ummi tana hannunta a Kubwa. Matar tana iya ƙoƙarinta, amma riƙon ɗan wani ba wasa ba ne, kuma akwai lokutan da Ummi takan kira ni tana kuka a kan abin da na san da ina gidan da bai faru ba. A irin wannan daren ba na barci. Abin da na zaɓa yana da tsada, kuma ba ni kaɗai nake biya ba. Duk hutu tana zuwa Jos. Yanzu ta girma, kamannin ubanta ta ɗauko, tsayin ma nasu ne. Takan zauna kusa da ni ina duba takardun jarrabawa ta yi ta tambaya: Mami tana da faɗa? Wace waƙa take so? Da gaske ta taɓa dukan wani yaro saboda ke? In ba ta labari yadda abin yake, har da inda uwarta take da saurin fushi, don tana da haƙƙin ta san mutum ce aka yi mai halinta, ba hoto ba.

Baffa har yau bai sauko ba. Duk Juma'a in na je gaishe shi sai ya sako maganar, ya ce na bar marainiya a hannun bare alhali ga ni da raina da lafiyata. Ba na ce masa ba shi da gaskiya, don akwai gaskiya a ciki. Nakan ce ya ci gaba da sa mu a addu'a, ya ce yana yi, sannan ya tambaye ni yaushe Ummi za ta zo hutu.